Yadda Ake Bin Tsohuwar Hanyar Nakasendo a Ƙafa, Daga Zangon Magome Zuwa Fadar Matsumoto

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Japan a Tokiyo suke yada zango, su ƙare kwanakinsu tsakanin dogayen benaye da kantunan kayan lantarki, su juyo gida. Alhali tsakanin Tokiyo da Kiyoto akwai wata tsohuwar hanya da ta ratsa cikin duwatsu, Nakasendo, mai tsawon kilomita 530 da 'yan kai, da zango 69 jere a kanta. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, tana cikin manyan hanyoyi biyar na ƙasar. Daga 1635 doka ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, wato Tokiyo ta yau, shekara guda a gida, matansu da magadansu kuwa suna Edo dindindin kamar jingina. Wannan kai-da-komo na sarakuna da dubban fadawansu da 'yan dako shi ya raya zangunan. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwarsu ta mutu. Wasu aka rushe su, wasu kuma talauci ya hana a taɓa su, shi ya sa suke nan har yau.

Babu mai cewa ka taka hanyar duka. Yankin da ya fi tsira da kamanninsa shi ne kwarin Kiso, mai zango 11, kuma kwana uku zuwa huɗu sun isa ka ga mafi kyawunsa ka ƙare da fadar Matsumoto. Sharaɗi ɗaya ne: a ƙauyukan nan da rana ake aiki. Ƙarfe biyar na yamma an rufe kantuna, ƙarfe shida an ɗora abincin dare, motar ƙarshe kuma ba ta jiran kowa. Duk shirin da za ka yi, daga wannan agogon za ka faro shi ka yi baya.

Fara da zaɓen lokaci

Afrilu da Mayu sun yi, haka Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba lokacin da ganyaye ke rinewa ja da rawaya. Kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa makon farko na Mayu da kuma tsakiyar Agusta, don hutun ƙasa ne, masauki da jirgi duk cunkushe suke. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, shimfiɗaɗɗun duwatsun hanyar kan yi santsi kamar an shafa musu kuɓewa. Disamba zuwa farkon Maris akwai dusar ƙanƙara a kan tudu, kuma wanda sanyin hunturun Kano kaɗai ya sani kada ya gwada ta a zuwan farko. In ka zaɓi Nuwamba ka tuna rana na faɗuwa tun biyar saura. Ranar 23 ga watan ne mutanen Tsumago, ɗaya daga zangunan kwarin, ke yin jerin gwano cikin tufafin zamanin da, abin kallo ne, sai dai samun ɗaki a daren sai wanda ya riga.

Biza, jirgi, da masauki tun kana gida

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Japan yana Abuja. Cikin takardun da ake nema akwai jadawalin tafiya rana-rana da sunan inda za ka kwana, don haka kama masauki shi ne aikin farko. Babu jirgin da ke tafiya kai tsaye, sai an sauya a Doha, Dubai, Istanbul ko Adis Ababa. Japan na gaban agogonmu da sa'a takwas. Ba wa jikinka kwana guda a birni kafin ka hau dutse.

Birnin da za ka tashi daga gare shi Nagoya ne. Daga Tokiyo jirgin ƙasa mai gudun tsiya, shinkansen, yana kai ka can cikin kamar sa'a ɗaya da minti arba'in. Kada ka yi gaggawar sayen tikitin jirgin ƙasa na mako guda da ake sayar wa baƙi. A Oktoban 2023 kuɗinsa ya koma yen 50,000, kuma wannan tafiyar ita kaɗai ba za ta fanshe shi ba. Sayi tikiti ɗai-ɗai.

Masaukan Magome da Tsumago ƙananan gidaje ne na iyali da ake kira minshuku, sai 'yan ryokan masu ɗan tsada. Ɗakuna kaɗan ne, a lokacin cunkoso kuma watanni kafin lokaci ake kame su. Kuɗin kwana bisa kan mutum ake yi, yawanci haɗe da abincin dare da na safe. Ka karɓi abincin, domin bayan magariba da wuya ka sami inda za ka saya. A saƙon da za ka kama ɗakin ka faɗa musu ƙarara ba ka cin naman alade da duk abin da aka sa wa giya. Kada ka bari sai ka iso. Uwar gida tun safe ta yi cefane daidai da yawan baƙinta.

Abin da za ka riƙe

Tsabar kuɗi. Injinan cire kuɗi na kantunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katunan waje, amma ka cire a Nagoya ko Nakatsugawa, garin da za ka hau motar Magome, ka kuma tabbatar tun a gida katinka na aiki a ƙetare. Ka sami takardun yen 1,000 da sulalla da yawa saboda motar haya. Takalmi mai riƙe ƙasa wanda kuma ba ya wahalar cirewa, don sau goma za ka tuɓe shi a rana, da safa marar huji. Rigar ruwa, gorar ruwa, ƙaramar darduma, da leda ta zuba shara, domin babu kwandon shara a hanya, kowa da tasa yake komawa. Wutarsu bolt 100 ce, soket ɗin kuma mai baki biyu ne falle-falle, sai ka nemi mahaɗi. Babban akwati kuwa ka bar shi a otal ɗin Nagoya, ko ka sa su aika maka shi gaba zuwa otal ɗin Matsumoto ta kamfanonin kai kaya, abin da suke kira takkyubin. Yawanci washegari yake isa.

Akwai masallaci a Nagoya, amma daga nan har ka fito daga kwarin kada ka sa ran ganin wani. Alƙibla daga tsakiyar Japan yamma ce da ɗan karkata arewa. Matafiyi ne kai, kasaru da jam'i sun sauƙaƙa maka.

Rana ta farko: Nagoya zuwa Magome

Shiga jirgin ƙasa mai suna Shinano a tashar Nagoya, minti hamsin ka sauka Nakatsugawa. Motar Magome na gaban tasha, tafiyar kusan rabin sa'a. Kafin ka shiga ka ɗauki hoton jadawalin motocin. Yadda ake biya: in ka ga na'ura a bakin ƙofa tana miƙo 'yar takarda mai lamba, zare ta. Allon da ke gaban direba zai nuna kuɗin lambarka, kuma sai za ka sauka kake jefa kuɗin da takardar cikin akwatin da ke gefensa. Injin canji na nan jikin akwatin.

In ka iso Nakatsugawa da hantsi, ɗauki tasi ka leƙa kufan fadar Naegi. Ginin katakon ya tafi, amma katangun dutsen da aka ɗora bisa manyan fale-falen duwatsu suna nan, kuma daga ƙololuwa kana hango kogin Kiso da dutsen Ena. Ba dole ba ne. Idan lokaci ya ƙure, wuce.

Magome zango na 43 ne, a jikin gangare aka gina shi, titi ɗaya mai shimfiɗar dutse yana hawa tsakanin gidajen katako, ruwa na gudu a lambatu gefe da gefe yana juya ƙafar injin niƙa. Gobara ta cinye garin a 1895 da 1915, saboda haka yawancin gidajen sabon gini ne a tsohon salo, kuma da rana 'yan yawon buɗe ido kan cika shi. Ni dai a ganina Magome na kwana ne kawai da sammako. Ka lura da ƙasan gari inda titin ya yi lanƙwasa biyu a jere. Da gangan aka yi, masugata ake ce masa, don kada mahara su kwararo a guje.

Rana ta biyu: kilomita takwas a ƙafa

Daga Magome ake farawa, ba daga Tsumago ba, kuma dalilin lissafi ne. Magome na bisa tudu kamar mita 600, mashigin dutsen da ke tsakani kusan 800, Tsumago kuwa 400 da ɗoriya. Hawa kaɗan, gangara mai tsawo.

Da safe kai jakarka ofishin baƙi na Magome. Daga ƙarshen Maris zuwa Nuwamba suna ɗaukar kaya zuwa ofishin Tsumago a kan kuɗi kaɗan, amma sai ka miƙa kafin sha ɗaya da rabi, ka karɓa da rana kafin su tashi. A nan kuma za ka karɓi taswira, ka ari 'yar ƙararrawa ta ratayawa.

Ƙararrawar ba ado ba ce. Akwai beyar a dajin, baƙar dabba mai ƙarfi wadda ba ta son mutum amma takan kai hari in an yi mata ba-zata. A gefen hanya za ka riƙa tarar da ƙararrawar tagulla rataye a jikin sanda. Kaɗa ta da ƙarfi, kada ka ji kunya, kowa haka yake yi. Kada ka shiga dajin da duku-duku ko bayan la'asar sakaliya.

Tashi tara. A saman gari za ka wuce allon sanarwa na katako inda hukuma ke kafe dokoki a da, sai wani dandali mai kallon dutsen Ena, daga nan hanya ta shige tsakanin gonakin shinkafa da bayan gidajen mutane. Alamun hanya na da rubutun boko, ɓata sai da ganganci. Sau da yawa hanyar na tsallaka titin mota, kuma a Japan hagu ake tuƙi, don haka dama za ka fara dubawa. Duk wanda ka haɗu da shi ka ce masa konnichiwa. Cikin sa'a guda ka kai mashigin Magome-toge, iyakar lardin Gifu da na Nagano. Wahalar ta ƙare.

Minti goma sha biyar da fara gangara akwai wani tsohon gidan shayi na katako a Ichikokutochi. Ka shiga ko ba ka gaji ba. Ciki duhu-duhu ne, murhu a tsakiyar ɗaki, buta rataye a kan wuta, hayaƙin shekaru ya mai da azarar rufin baƙa ƙirin. Dattawan yankin ne ke zaman sa kai a wurin, su zuba maka koren shayi kyauta, su tambaye ka ƙasarku. Akwai wurin jefa abin alheri, jefa sulalla. A da kusa da nan akwai shingen masu binciken katako. Dajin Kiso mallakar sarakunan Owari ne na Nagoya, kuma sun haramta sare itatuwa iri biyar, cikinsu har da hinoki mai ƙamshi. Mutanen kwarin har yau suna tuna dokar da kalmomi kaɗan: itace ɗaya, kai ɗaya. Dogayen itatuwan da za ka ratsa bayan gidan shayin albarkar wannan tsanani ce.

Gaba kaɗan wata 'yar hanya ta ratse zuwa mafaɗar ruwa biyu, Odaki da Medaki, wato namiji da mace. Ratsen bai kai minti goma ba. Daga nan sai ƙauyen O-Tsumago, sai Tsumago kanta. Mai sauri sa'a biyu da rabi, mai tsaye-tsaye uku zuwa huɗu. Akwai bayan gida a wurare da dama a hanya, amma abinci babu tabbas, sai ka riƙo ɗan guzuri.

Tsumago, da dalilin kwana a cikinta

Bayan da jirgin ƙasa ya kauce mata, Tsumago ta kusa zama kufai. A 1968 mutanen garin suka fara gyaran gidajen, a 1971 kuma suka ɗaure kansu da alkawari uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. A 1976 gwamnati ta sa ta cikin rukunin farko na garuruwan tarihi da doka ke karewa. An ɓoye wayoyin lantarki, an hana mota shiga babban titi da rana. Ka tuna gidajen mutane ne, akwai masu kwana ciki. Kada ka tura ƙofa ko ka cusa waya ta taga, kada kuma ka kunna taba a titi, gari ne na busasshen katako.

Kowane zango na da honjin, masaukin sarakuna, da waki-honjin, na masu bi musu. Honjin na Tsumago a 1995 aka sake gina shi. In lokacinka na gida ɗaya ne, shiga waki-honjin da ake kira Okuya. A 1877 aka gina shi, bayan faɗuwar gidan Tokugawa ta ɗage haramcin, sai mai gidan ya huce haushin shekaru ya zuba hinoki tun daga ƙasa har sama. Sarkin Japan Meiji ya huta a gidan a 1880. Ranakun sanyi, in rana ta daidaita, haske kan ratso ta tagogin sama ya sauka tsiri-tsiri cikin hayaƙin murhu. Ma'aikatan gidan za su gaya maka lokacin da yake fitowa.

Ka isa masaukinka kafin biyar. Zuwana na farko na tsaya ɗaukar hoto har na makara, na tarar mai gida tsaye a ƙofa da tocila, abincina an rufe shi da kwanuka ya huce. Bai ce komai ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo.

Tuɓe takalmi a zaure, sa silifas, amma kada ka taka tabarmar ɗaki, tatami, da su. Bayan gida na da nasa silifas daban, kada ka fito da su. Mafi yawan bayan gidan Japan na da maɓallin fesa ruwa, tsarki ba matsala. Wanka kuwa akwai ƙa'ida: ka zauna kan 'yar kujera ka cuɗa jikinka da sabulu, ka ɗauraye tas, sannan ka shiga kwamin ruwan zafi. Ba a sa sabulu a ciki, ba a kuma zubar da ruwan, na bayanka ma shi zai shiga. A ƙananan gidaje bi da bi ake yi, ka kulle ƙofa. A manyan wuraren wankan ruwan zafi kuwa tsirara ake shiga tare da jama'a, don haka ka nemi ɗakin wanka na kai kaɗai, kashikiri.

Abincin kwarin ya fi na birni sauƙi ga Musulmi: shinkafa, gasasshen kifin rafi da gishiri, ganyayen dutse, waken suya ta fuska goma, da soba, taliyar da lardin Nagano ya shahara da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne romo da miya, don sau da yawa ana ɗiga musu mirin, giyar shinkafa mai zaƙi ta girki, ko wadda ake sha, sake sunanta. Har gohei-mochi, curin dakakkiyar shinkafa da ake gasawa a tsinke a shafe da miyar goro-goron daji, ka tambaya kafin ka saya. Rubuta kalmomi uku a takarda: butaniku naman alade, osake giya, da mirin. In an kawo maka jan ɗanyen nama yanka-yanka, basashi ne, naman doki.

Bayan cin abinci fita titi. Motocin baƙi sun tafi, fitilun takarda ne kawai a ƙofofi, ba ka jin komai sai ruwa a lambatu da ƙarar takalminka. Wanda ya zo da rana ya koma bai ga wannan ba.

Rana ta uku: Fukushima da Narai

Daga Tsumago mota minti goma ce zuwa tashar Nagiso, a ƙafa kuwa kamar sa'a guda. Jiragen da ke tsayawa kowace tasha ba su da yawa, wani lokaci tazarar fiye da sa'a, kuma ba kowane Shinano ke tsayawa Nagiso ba, don haka duba jadawali tun dare. Kada ka dogara da katin latsawa na birni, sayi tikitin takarda. A wasu jiragen sai ka danna maɓalli ƙofa ke buɗewa, in kuma tashar ba ma'aikaci, ta ƙofar gaba ake fita a miƙa wa direba.

Kiso-Fukushima, wadda ba ruwanta da Fukushimar da aka yi haɗarin tashar nukiliya can arewa maso gabas, ita ce mazaunin ɗaya daga manyan shingayen bincike huɗu na zamanin Tokugawa. Abu biyu suke nema: bindigogi masu shiga Edo, da mata masu fita, don kada matar wani sarki ta sulale gida. An sake gina shingen, sa'a guda ta isa.

Narai zango na 34 ne, tsawonsa kusan kilomita guda, har ana yi masa kirari da Narai mai gida dubu. Arzikinsa ya zo ne daga mashigin Torii mai tsayin kusan mita 1,200, wanda matafiya kan kwana kafin su tunkare shi. In ƙafarka da saura, sauka a Yabuhara ka haura mashigin zuwa Narai, kamar sa'a uku, amma ya fi na jiya tsauri da kaɗaici. In babu, jirgi zai ajiye ka bakin garin. Nan ne wurin tsaraba: matajin katako masu ƙananan haƙora na Yabuhara, da kwanukan katako masu sheƙi na maƙwabciyarta Kiso-Hirasawa.

Rana ta huɗu: fadar Matsumoto

Daga Narai ƙasa da sa'a guda ne. Da aka kawar da mulkin sarakunan larduna an rushe yawancin fadojin Japan, yaƙi da gobara suka ci wasu, da yawa daga waɗanda ake gani yau kuwa kankare ne. Hasumiya 12 kaɗai suka rage na asali, biyar cikinsu doka ta ayyana su dukiyar ƙasa: Himeji, Hikone, Inuyama, Matsue da Matsumoto. Ta Matsumoto a ƙarshen ƙarni na 16 gidan Ishikawa suka gina ta, a fili ba bisa dutse ba, shi ya sa aka kewaye ta da gwalalo mai faɗi cike da ruwa. A 1872 an yi gwanjonta don a rushe, wani ɗan gari, Ichikawa Ryozo, ya tara jama'a suka cece ta.

Tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ce daga tasha. Je da buɗewa, takwas da rabi, kafin layi ya yi tsawo. Za a ba ka leda ka zuba takalminka ka riƙe. Daga waje rufi biyar za ka ƙirga, ciki kuwa hawa shida ne, na ukun ɓoyayye ne marar tagogi. Duba ƙananan kafofin da ke jikin bango, na kibiya da na bindiga, da ramukan da ake sako wa mai hawa duwatsu. Matakalan kusan tsani ne, wata karkatarta ta kai digiri 61, ga katakon ya sha ƙafa yana santsi. Babbar riga ko dogon zane za su ba ka wuya, mai ciwon gwiwa kuma ya tsaya hawa na biyu wajen tsoffin bindigogi. Ta wajen fita za ka bi ta wani ɗaki buɗaɗɗe mai jan shingen katako a gefe, wanda aka ƙara a shekarun 1630 da zaman lafiya ya samu, don zaman kallon wata kawai.

Cika gorarka a ɗaya daga rijiyoyin da ke ɓuɓɓuga a unguwannin garin, ka bi ta titin Nakamachi mai fararen rumbunan 'yan kasuwa ka koma tasha. Jirgin Azusa na kai wa Shinjuku a Tokiyo cikin kamar sa'a biyu da rabi, kujerunsa duka na kamawa ne, sai ka sayi tikitin tun isowarka. Mai komawa Nagoya kuwa Shinano zai sake shiga, sa'a biyu, kuma in ya rage masa rabin yini, fadar Inuyama na nan rabin sa'a daga birnin a jirgin Meitetsu.